MU AUNA ƘAFAFUN DATTAWANMU TUN KAFIN SU FAƊI

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin jin daɗin jama'a, a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a Sabo, Ibadan



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya. Muna kuma gode wa shugabanni da suka ba kwamitinmu wannan dama. Tun farko muna neman afuwa, domin mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya da abin da rayuwa ta koya mana. Abin da za mu faɗa yau tambayo shi muka yi wajen masu sani, muka kuma gwada shi a jikinmu, sannan muka ga bai dace mu bar shi a cikinmu ba.

Jama'a, tun da aka kafa wannan unguwa ta Sabo a 1916, da awo kakanninmu suka rayu a Kurmi. Mai goro ba ya ɗaure huhu sai ya ƙirga. Mai hatsi ba ya rabuwa da mudu da tiya. Mai atamfa yana da yadinsa, mahauci yana da sikelinsa, dillalin shanu kuwa yana zaga sa sau ɗaya zai gaya maka abin da zai yi. Babu ɗaya daga cikinmu da zai karɓi kaya a ce masa "ai da yawa," bai auna ba. Amma akwai abu guda da muke gani kullum yana raguwa a gabanmu ba mu taɓa auna shi ba, wato ƙarfin ƙafafun iyayenmu. Idan dattijo ya fara jan ƙafa, iyakarmu mu ce "tsufa ne," mu wuce. A kan wannan za mu yi magana.

ABIN DA YA TAYAR DA MAGANAR

Da yawa daga cikinku sun san dattijon da muka rasa, ubanmu a fataucin goro, ba sai mun ambaci suna ba, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne da a ƙuruciyarsa yake sungumar huhu shi kaɗai ya ɗora a mota. Wata asuba cikin damina ya zo wurin alwala, santsi ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye. Aka fara kai shi wajen mai ɗori, aka shafe makonni babu sauƙi, kafin aka nufi asibiti. Ƙungiya ta yi karo-karo, 'ya'yansa suka sayar da abin da za su sayar, amma bai ƙara taka ƙasa ba. Ya yi watanni a kwance har Allah Ya karɓi abinSa.

A wajen zaman makoki ne muka ji abin da ya sanyaya mana jiki. Wani ya ce ai ya lura kusan shekara guda Baba ne na ƙarshen tashi daga sujada, sai ya dafa bango. Wani ya ce ya daina zuwa rumfa da ƙafa, sai a kan acaɓa. Yaron shagonsa ya ce idan za su tsallaka titi sai ya riƙe masa hannu. Daga cikin gida kuma aka ce ya faɗi har sau biyu a banɗaki, ya hana a faɗa wa kowa. Kun gani, kowa yana riƙe da guntun labari, babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma wahalar da bawan Allah nan ya sha a kwance, da kuɗin da aka kashe, sun sa mun tambayi kanmu ko akwai abin da ya kamata mu yi da ba mu yi ba.

Sai muka nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu mata, haifaffiyar Sabon nan, wadda ta karanci aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Ta ce mana, "Baba, ku da ba ku sayen buhu sai kun auna, me ya hana ku auna tafiyar tsofaffinku? Ai kujera ce da alli da agogo kawai." Ita ta zauna da mu ta koya mana abin da za ku ji yanzu, Allah Ya yi mata albarka.

GIRMAN AL'AMARIN

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar gida ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa a kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma in ka cire haɗarin mota babu wani tsautsayi da ya kai ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe irin namu suke faruwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Haka nan hukumar ta ce tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. A nan kusa da mu ma, masana na Jami'ar Ibadan sun bincika tsofaffi sama da 2,000 a wannan yanki na ƙasar Yarabawa, suka buga sakamakon a 2010, inda suka samu kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya faɗi a cikin shekarar da ta gabata, kuma mata sun fi maza.

Karayar ƙugu kuwa ita ce mafi muni. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka gamu da ita, wani wurin ma fiye, ba sa cika shekara a raye. Ba karayar kanta ke kisa ba, a'a, kwanciyar ce ke jawo ciwon huhu, da gyambon kwanciya, da daskarewar jini a jijiya.

Mu kuma mazauna Kurmi muna da namu ƙarin dalili. Garin nan tudu ne da gangare, damina tana da tsawo, gansakuka ba ta rabuwa da bakin rijiya da wurin alwala, ga kwatoci a buɗe, ga matakalar bene marar madafa, ga duhu idan an ɗauke wuta. Sannan da yawa daga cikin dattawanmu danginsu suna Arewa. Idan tsoho ya kwanta a nan, nauyin a kan matarsa da maƙwabta da ƙungiya yake sauka.

YADDA AKE AWON

Kayan aiki ba su da tsada: kujera mai ƙwari mai majingini wadda ba ta da taya, tsayinta daga ƙasa zuwa mazauni kamar inci 17, da tef ɗin tela, da alli, da wayar hannu mai ƙirga sakan, da littafi da biro. A sami fili mai laushin tafiya, busasshe, mai haske. Dattijo ya sa takalmin da ya saba sawa. Wajibi ne a sami mutum mai ƙarfi ya tsaya kusa da shi domin ya tare shi idan ya yi tangaɗi. Duk wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashinsa ya sarƙe, a tsaya nan take. Wanda ke kwance da ciwo, ko bai daɗe da yin aiki a asibiti ba, kada a gwada shi sai da izinin likita.

Kafin a fara, a yi masa tambayoyi uku cikin ladabi. Baba, ko ka faɗi a cikin shekarar nan? Kana jin ƙafarka ba ta riƙe ka idan ka tsaya ko kana tafiya? Kana jin tsoron faɗuwa? Idan ya amsa da "e" ko da a ɗaya ne, to a rubuta, domin wannan kaɗai alama ce.

Awo na farko shi ne tashi, je ka dawo. Wasu masana biyu a ƙasar Kanada suka fito da shi a wannan siga a 1991, kuma har yau asibitocin duniya suna aiki da shi. A auna mita 3 daga ƙafar kujera, wato ƙafa 10, ko yadi uku da 'yar ɗoriya, a ja layi da alli. Dattijo ya zauna ya jingina. Da an ce "bismillah, tashi," sai a kunna agogo. Ya miƙe, ya taka irin tafiyarsa ta kullum har zuwa layin, ya juyo, ya dawo, ya zauna. Da zarar ya zauna a tsayar da agogo. Mai sanda ya riƙe sandarsa, amma a rubuta cewa da sanda ya yi. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce wanda ya kai sakan 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Ban da agogo, a sa ido: yana jan ƙafa? Takunsa gajeru ne? Yana neman abin dafawa wajen juyawa? Faɗawa yake yi kan kujerar maimakon ya zauna a hankali? Duk a rubuta.

Awo na biyu shi ne tashi da zama sau biyar, wanda ke nuna ƙarfin cinya. A jingina kujerar da bango don kada ta zame. Dattijo ya zauna a tsakiyarta, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya rungume hannuwansa a ƙirji. Sai ya miƙe tsaye sosai, ya koma ya zauna, har sau biyar a jere, ba tare da dafa komai ba. A cikin tsarin kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, an ce wanda bai kammala cikin sakan 14 ba, ko ya kasa tashi sai da hannu, yana bukatar a ƙara duba shi. Akwai kuma wata siga da ake ƙirga sau nawa mutum zai tashi cikin sakan 30. A nan, namiji mai shekara 60 zuwa 64 da bai kai sau 14 ba, ko mace da ba ta kai 12 ba, ya gaza sa'o'insa. Mai shekara 70 zuwa 74, namiji 12 ne, mace 10. Mai 80 zuwa 84, namiji 10, mace 9.

Awo na uku shi ne saurin tafiya. A auna mita 4 a miƙe, wato kamar ƙafa 13, a ja layi a farko da ƙarshe. A ce wa dattijo ya yi tafiyarsa kamar mai zuwa masallaci ba a tayar da iƙama ba, babu gaggawa, babu nawa. A yi sau biyu a ɗauki wanda ya fi sauri. Wanda ya kai sakan 5 ko ya wuce kafin ya cinye mita 4 ɗin, tafiyarsa ta yi ƙasa, domin lissafin da likitocin tsofaffi na Turai suka tsayar kenan. Kada ku raina wannan awo. A 2011 an buga wani babban bincike a Amurka da ya haɗa bayanan tsofaffi 34,485, aka ga cewa masu saurin tafiya sun fi daɗewa a duniya a kan sa'o'insu masu nawa. Dalili shi ne tafiya aikin gayya ce: zuciya, da huhu, da jijiyoyi, da ƙashi, da tsoka, da ido, da ƙwaƙwalwa, kowa da nasa hannu a ciki. Idan ɗaya ya fara gazawa, a ƙafa ake fara gani. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma sannun da ta zo wa mutum bayan da ba haka yake ba, tana da abin da take faɗa.

Awo na huɗu shi ne tsayuwa ba tangaɗi, mataki huɗu, kowanne sakan 10, ido a buɗe, ba dafawa. Da farko ya haɗa ƙafafunsa gefe da gefe. Na biyu ya ɗan matsar da ƙafa ɗaya gaba, ta yadda babban yatsan ta bayan zai taɓa tsakiyar ta gaban. Na uku ya sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya sak, dunduniya tana taɓa yatsu. Na huɗu ya tsaya da ƙafa ɗaya. Idan ya kasa wani mataki kada a wuce zuwa na gaba. Wanda bai iya riƙe mataki na uku har sakan 10 ba, yana cikin haɗari.

Duka huɗun nan ba su cin minti 15. Amma ga abin da ya fi muhimmanci, kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa saninsa: cinikin rana ɗaya ba ya nuna riba ko faɗuwa, sai an duba littafi wata da watanni. Haka awon nan yake. A rubuta suna, da shekaru, da kwanan wata, da lambobin, sannan a maimaita bayan wata uku ko shida. Wanda ya yi sakan 9 a watan Muharram, ya koma 11 a Rajab, ko da bai kai 12 ba, ya kamata a tambayi abin da ya faru. Haka nan a sake awo duk lokacin da tsoho ya tashi daga jinya, ko aka sauya masa magani, ko ya faɗi.

Mu 'yan kwamiti da kanmu muka fara. Kuma wallahi mun sha mamaki, domin a cikinmu akwai wanda bai cika 60 ba amma da ƙyar ya gama tashi biyar ɗin yana haki, alhali wani baba da ya ba shi shekara 20, wanda har yau da ƙafa yake zuwa kasuwa, ya gama yana yi masa dariya. Sai muka gane cewa ba takardar haihuwa ke tafiya ba, ƙafa ce. Mu da muke wuni zaune a rumfa, yaro ya kawo mana abinci, acaɓa ya kai mu ko da nan da bakin titi ne, mu ne tsofaffin gobe, kuma tun yau muke shuka abin da za mu girba.

IDAN LAMBA TA FITO BA DAƊI

Awon nan ba ya faɗin sunan ciwo. Aikinsa kamar na mai gadi ne, ya ce akwai motsi a bayan gida, sai a tashi a duba. Wanda ya gaza a ɗaya ko biyu, a kai shi asibiti tare da littafin, a nuna wa likita lambobin. A garin nan Allah Ya sauwaƙa mana, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ba shi da nisa da mu, yana da cibiya ta musamman domin tsofaffi tun 2012, yana kuma da sashen gashin ƙashi.

Abubuwan da ke rage tafiyar tsoho suna da yawa, kuma mafi yawansu ana iya yin wani abu a kai. Akwai zubewar tsoka saboda shekaru da rashin motsi. Akwai amosanin gaɓɓai, musamman a gwiwa. Akwai yanar ido, wadda aikin cire ta ba ya ɗaukar lokaci. Akwai ciwon suga, wanda kan kashe jin tafin ƙafa har mutum ya taka abu bai sani ba. Akwai ƙarancin jini, da ciwon zuciya, da ƙaramar shanyewar jiki da ta wuce ba a lura ba, da ciwon karkarwa. Sannan akwai magunguna. Maganin barci, da wasu magungunan hawan jini, da wasu na mura, suna sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Saboda haka ranar zuwa asibiti a tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha a leda ɗaya, na kemis da na gargajiya, a nuna wa likita. Amma kada kowa ya dakatar da maganin hawan jini da kansa.

Babban kuskuren da muke yi, kuma da kyakkyawar niyya muke yinsa, shi ne idan tsoho ya fara rauni sai mu ce, "Baba zauna ka huta, kada ka motsa." Wannan tausayi ne mai cutarwa. A 2007 an yi gwaji a Amurka, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, da aka auna sai aka ga tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo ɗaya. Kwana 10 kacal! Tsoka kamar jari ce, in ba a juya ta sai ta narke. Abin farin ciki kuma shi ne tana dawowa da motsa jiki ko da mutum ya haura 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa mai shekara 65 zuwa sama ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar minti 30 sau biyar, sannan ya yi atisayen ƙarfi da na tsayuwa kwana uku a mako ko fiye. Shi kansa tashi da zaman nan a kujera atisaye ne, a fara da kaɗan safe da yamma, a riƙa ƙarawa. A kuma kula da abinci mai gina jiki, irin su wake, da ƙwai, da kifi, da nono, da nama gwargwadon hali, kada shayi da burodi da goro su zama su ne abincin tsoho.

Sai gyaran gida. A kankare gansakuka a banɗaki da bakin rijiya. Tayil mai santsi ba abin alfahari ba ne a inda tsoho ke alwala. A kafa ƙarfen dafawa a bayan gida da matakala. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa saboda fitar dare. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe da wayar wuta da ke kan hanya. A raba tsoho da silifa da ya suɗe. Zani ko riga kada su riƙa jan ƙasa. Wanda ke bukatar sanda kuwa a yanka masa daidai tsayinsa, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu idan ya tsaya ya saki hannunsa, a kuma sa mata roba a gindi.

GA MASU JA DA BAYA

Mun san akwai masu cewa wannan rashin kunya ne, yaya yaro zai riƙe agogo yana ƙirga wa ubansa taku? Mun ji, kuma maganar tana da fuska. Shi ya sa muke cewa sa'o'i su auna junansu, mata su auna mata a cikin gida, kuma littafin ya zama amana, ba abin hira a majalisa ba. Amma mu tambayi kanmu, wace kunya ta fi: ɗanka ya ƙirga maka taku na minti biyu, ko ya riƙa ɗaga ka yana kai ka bayan gida wata shida?

Akwai masu cewa ai komai nufin Allah ne. Babu shakka. Amma wanda ya faɗi haka, da dare sai ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu. Malamanmu da ke zaune a nan sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Su ne kuma za su yi mana bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa wanda ba ya iya tsayuwa a salla, wannan fagensu ne. Abin da mu za mu ce kawai shi ne, a cikin raka'o'i 17 na farilla mutum yana miƙewa daga ƙasa sau 12 a kowace rana. Ke nan a sahu ake fara ganin raunin ƙafa kafin a gan shi a asibiti. Ranar da ka ga maƙwabcinka a sahu ya fara dafa bango, ko ya koma kujera, kada ka tsaya a "sannu Alhaji" kawai. Ka bi shi gida ka tambayi lafiya.

Haka nan masu niyyar sauke farali, ku tuna cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kusa kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa cikin zafi da cunkoso. Wanda zai biya wa mahaifiyarsa kujera, ya auna ta tun da sauran watanni, ta fara atisaye, ya kuma san ko za ta bukaci keken turawa.

ABIN DA MUKE ROƘO

Daga ƙarshe, kwamiti yana gabatar wa wannan taro da shawarwari biyar. Na ɗaya, a ware rana guda a kowane wata uku domin auna duk wanda ya kai shekara 60, maza a harabar ƙungiya, mata a gidajen da iyayenmu mata za su zaɓa. Na biyu, a zaɓo samari da 'yan mata masu natsuwa daga makarantun Islamiyyarmu, ma'aikatan lafiya su horar da su. Na uku, a buɗe littafi ɗaya na maza, ɗaya na mata, a hannun amintattu. Na huɗu, a cire wani abu daga asusun taimako domin kuɗin mota da kati ga wanda awo ya nuna yana bukatar asibiti amma ba shi da hali, domin abin da za a kashe a nan bai kai rabin rabin abin da muke tarawa idan ƙashi ya karye ba. Na biyar, kwamitocin masallatai su duba wuraren alwala kafin damina ta kankama, a gyara santsi, a sa fitila da abin dafawa. Muna kuma roƙon duk tsohon da ya faɗi ya kasa tashi ko ya kasa taka ƙafa, a wuce da shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi a ranar, kada a ɓata lokaci.

Iyayenmu, ku ne kuka riƙe unguwar nan, kuka yi mana sunan da muke ci da shi a garin mutane. Ba mu kawo agogo don mu nuna gazawarku ba, mun kawo ne don muna son ku ci gaba da zuwa masallaci da kasuwa da ɗaurin aure da ƙafafunku. Ku ba mu haɗin kai. Mu kuma 'yan hamsin da ɗoriya, tun da gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa. Kujera da alli suna nan a bakin ƙofa, duk mai son gwadawa bayan an tashi, muna nan.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma namu ne, a yafe mana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu tsufa da ƙarfinmu da hankalinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.